Kiran Suna a Bencin Rana

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba sai ranar da ya kai ni kallon besbol. A lokacin ya riga ya yi aure, har ya fara ƙorafin ciwon baya kamar mahaifinsa.

Wanda ya tashi a irin gidajenmu na Kano ba ya bukatar a yi masa bayani. Ɗan fari ɗan kunya ne. Ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai uwa ta ɗauke kai kamar ɗan maƙwabta ne ya faɗi. Haka mahaifiyata ta yi wa yayanmu, kuma ban taɓa ganin ya rame saboda haka ba. Dalili kuwa, yana da kaka. Duk abin da uwa ta riƙe, kaka ce ke zubar da shi ba awo. Ita ke kiran sunan daga tsakar gida har a ji a zaure, ita ke ce masa mijinta, ita ke ɓoye masa ƙanzo. Al'adar rabi biyu ce, kowane rabi da mai riƙe da shi.

Mu kuwa da muka taso zuwa New York yana ɗan yaye, rabi ɗaya kawai muka sako a akwati. Kakarsa ta tsaya a Gwammaja, a can kuma ta rasu. Ni na iso unguwar Concourse Village ta yankin Bronx da kunyata cif, ko kwarzane ba ta yi a hanya ba.

Na iya zama da abin. In ina son sa, sai in ce "kai", ko "wannan yaron". Da aka haifi ƙannensa mata sai aiki ya yi sauƙi, ya zama "yayanku". A asibiti da makaranta, inda Turawa ke son uwa ta faɗi sunan ɗanta kamar ba sa iya karanta abin da ke gabansu, sai in bi shi harafi-harafi. Na yi wa kaina fatawa cewa jero haruffa ba kira ba ne. Abin dariyar shi ne, kafin mu zo ni malamar firamare ce. Kowace safiya sai na tsaya gaban aji na kira sunayen 'ya'yan mutane da murya mai kaiwa bakin titi, su amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Bayan na haihu, in an kawo mini yaro mai sunan ɗana, sai in laƙaba masa sunan unguwarsu. Akwai wani bawan Allah da na tabbata har yau abokansa Ɗan Kurna suke ce masa, bai san dalili ba.

Filin besbol ɗin nan na Bronx ba shi da nisa da gidanmu. Ba ma ganinsa daga taga, amma muna jin sa. Da bazara, in na buɗe tagar kicin, ihun yakan iso kamar ruwan sama mai tahowa daga nesa, ya ɗan tsaya, ya koma. Marigayi maigidana tasi yake tuƙawa, shi abin da ya sani game da wasan shi ne yana toshe masa hanya. Ni kuma na ɗauki ihun cikin yanayin gari, kamar sanyi ko jiniyar motar asibiti. Yaron ne ya kamu. Tun yana firamare yake kwana da wata ƙatuwar safar fata da ake cafe ƙwallo da ita. In ihun ya taso muna cin abinci, sai ya tsaya da loma a hannu, ya ce da Turanci, "Wannan ta fita waje." Da kunne yake gane ko an buga ƙwallon ta tsallake katanga ko an cafe ta. Da ya girma ya riƙa zuwa da abokansa. Bai taɓa ce mini in zo ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Sai ga shi a wata bazara ya sami aikin kwamfuta a Seattle, wato ƙarshen ƙasar ta ɗaya gefen, inda in mun yi azahar su ko hantsi bai gama dubawa ba. Ya ce ba jirgi za su hau ba, shi da matarsa. A mota za su tafi, su riƙa yada zango gari-gari, duk garin da ke da babban filin besbol su tsaya su kalli wasa. Ya shimfiɗa mini taswira a waya: Pittsburgh, Cleveland, Chicago, da wasu da ban riƙe ba. Na ce masa na san mutanen da ke bin garuruwa don ziyarar malamai, na san masu bi don fatauci, amma bin gari-gari don ganin ciyawa, wannan shi ya fara a danginmu. Ya yi dariya. Ya ce zangon farko shi ne na bayan gidanmu, ranar Asabar da rana, kuma ya sayi tikiti har da nawa. Lahadi da safe za su ɗau hanya.

Na ce zan duba. A Hausar uwa, wannan amincewa ce.

Surukata 'yar Zangon Kumasi ce ta wajen iyaye, amma a nan Bronx aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, irin tasu wadda ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba, kuma ba ta san ɓoye magana ba. Ranar Juma'a muna kicin ina daka musu yajin tafiya, sai ta ce, "Mma, in tambaye ki wani abu?"

Na ce, "Kin riga kin fara."

"Me ya sa ba ki kiran sunansa?"

Na yi mata bayani irin na aji, da gabatarwa da misalai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta sani, kakarta ma haka take yi. Sannan ta ce, "Shi ma ya sani. Ba fushi yake ba. Amma ya taɓa ce mini ya san yadda sunansa yake a bakin kowa, har mai sayar da kofi da ke rubuta shi ba daidai ba, amma bai san yadda yake a bakinki ba."

Na ci gaba da daka. Yajin nan ya daku fiye da yadda ake bukata.

Tun daga lokacin na san abin da zan je yi a filin. Yaron nan zai tafi ƙarshen duniya jibi, mahaifinsa ba ya nan, kakarsa ba ta nan, duk wanda ya isa ya kira shi da muryar gida ya kwanta dama, sai ni. Na ƙudurta cewa kafin motarsu ta tashi sai ya ji. Abin da ban sani ba shi ne ko harshena zai yarda, don shi ba a yi shawarar da shi ba.

Ranar Asabar na yi azahar da wuri, na saka atamfata mai ruwan toka da mayafi, muka gangara a ƙafa. Titin da na saba bi zuwa kasuwa ya cika da mutane masu riguna iri ɗaya, kowa da suna da lamba a bayansa ko lamba kaɗai, kamar an sako fursunoni masu farin ciki. Jirgin ƙasa na wucewa ta saman kanmu a kan gadarsa ta ƙarfe. A bakin wani shago muka ci karo da maƙwabcinmu, mutumin Maraɗi mai sayar da huluna hana-sallah, wanda ya san mu tun yaron na tatata a lifta, yake kuma ce mini Madam lakwal, wato malamar makaranta a Hausarsu.

Ya ce, "La ila! Madam lakwal! Yau ke ce a layin 'yan ƙwallo? Duniya ta zo ƙarshe."

Na ce, "Rakiya na yi, Alhaji."

"Rakiya da sabuwar atamfa? To, Allah shi ba mu irin wagga rakiya."

Ya juya ga ɗana ya kira sunansa, ya sake kira, ya haɗa da kirari, ya ɗora masa hula a ka ya ce kyauta ce ta bankwana. Na tsaya ina kallon yadda sunan ke fita daga bakinsa ba wahala, kamar mai tofar da ƙwallon dabino. Na ji kishin mai sayar da hula, abin da ban taɓa zaton zai same ni ba.

A ƙofa aka buɗe jakata, wata ma'aikaciya ta daɗe tana nazarin ƙullin ƙuli-ƙulina kafin ta yanke hukuncin cewa ba ya fashewa. Muka bi wani dogon lungu mai warin soyayyen abu, muka hau matakala, sai kawai fili ya buɗe a gabana.

Zan faɗi gaskiya, na tsaya. Shekara da shekaru ina jin wurin nan da kunne, na zata wani abu ne mai duhu da hayaniya kamar tashar mota. Ashe kore ne. Kore shar, irin wanda ban sake gani ba tun gonakin bayan Kura in damina ta zauna, an aske shi layi-layi, an zagaye shi da jar ƙasa da aka share aka yayyafa mata ruwa kamar tsakar gidan amarya. A tsakiyar Bronx, bayan shagon da nake sayen albasa. Ɗana ya dube ni ya ce, "Umma, ya dai?" Na ce ciyawa ce, na taɓa gani.

Wurin zamanmu benci ne na ƙarfe marar majingina, can bayan fili, a tsakiyar rana. Ya ce da gangan ya zaɓa, nan ne 'yan gani-kashe-ni ke zama. Surukata ta yi wuf ta wuce ciki, ta bar ni kusa da shi. Benci ya cika, aka matse mu, kafaɗata ta haɗu da tasa. Rabon da jikina ya jingina da nasa tun yana zazzaɓin ƙyanda. Na zauna a miƙe kamar mai jiran sufeto.

Ya shiga koya mini wasan, yana Turanci ina amsawa da Hausa, yadda muka saba. Mutum ɗaya na jifa, ɗaya na jiran ya maka wa ƙwallon kulki, in ya same ta sai ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo inda ya tashi. Sauran kuma suna tsaye a warwatse cikin ciyawa suna jiran abin da Allah zai kawo. Na ce, wato duk wannan gini an yi shi ne don mutum ya sha wahala ya komo inda ya baro. Ya ce haka ne. Na ce to ba laifi, akwai hankali a ciki.

Ana fara wasa sai wani mai ƙaton wuya a gabanmu ya miƙe, ya kewaye bakinsa da hannu, ya ƙwala kiran wani suna. Benci gaba ɗaya ya ɗauka. Suna rera sunan gaɓa-gaɓa, su tafa, su sake rerawa. Na duba in ga ko faɗa ne. Ɗana ya sunkuyo ya ce al'adar wannan bencin ce: a farkon kowane wasa sai sun kira 'yan wasansu da ke cikin fili ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sa barin sunan mutum sai ya nuna ya ji. Ina kallo, ɗan wasan da ke kusa da mu, yana tsaye ya ba mu baya, ya juyo ya ɗaga safarsa. Aka yi shewa, aka wuce na gaba.

Na ce, "Wannan ai kiran suna ne na aji."

Ya ce, "Shi ne, Umma."

Akwai wani da ya yi jinkirin amsawa, hankalinsa na kan mai jifa. Ba su ƙyale shi ba. Suka yi ta nanata sunan, ƙarti masu furfura da 'yan mata da wani tsoho mai sandar ƙarfe, har sai da ya ɗaga hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Ɗana na cikinsu, jijiyar wuyansa ta tashi, yana kiran ɗan wata mata da bai taɓa gani ba da iyakar ƙarfinsa. Na yi tunanin uwar wannan ɗan wasan, ko tana wani tsibiri tana kallo a talabijin, ko ɗanta na fari ne. Na ce a raina, ke kam kin huta, gari guda na yi miki aikin.

Daga nan wasan ya lafa. Ba wanda ya gaya mini cewa yawancin besbol jira ne. Ana jifa, ana tofar da yawu, ana gyara hula. Mutane na ɓare gyaɗa suna zubar da ɓawon a ƙasa, abin da ya sa tafin hannuna ƙaiƙayi irin na tsohuwar malama. A cikin wannan shirun na gwada. Na haɗa harafin farko na sunansa a bakina, na juya gare shi, ya juyo yana jira, sai na ji kaina ina cewa, "Kai, ba ka jin rana?" Ya cire hular da aka ba shi zai ɗora mini a kan mayafi. Na ce ya rufa mini asiri.

Na sake gwadawa da ya dawo daga sayo ruwa. Wannan karon abin da ya fito shi ne tambayar ko ya duba tayoyin motar. Ya duba. Surukata na gefe tana cin ƙuli-ƙulina, idonta a kan fili, amma na san kunnenta na wajena.

Inuwa ta fara cin rabin ciyawar, 'yan garinmu na baya da ci ɗaya, mutane sun fara duba waya. Na fara lissafin cewa zan koma gida da abin da na zo da shi, in kwana da shi, in raka su bakin mota da shi. Sai wani daga cikinsu ya shigo da kulkinsa, akwai nasu guda a kan kusurwa. Aka jefa, na ji wata ƙara busasshiya kamar an fasa itace da gatari. Ɗana ya miƙe tun kafin kowa. Ƙwallon ta taso sama, fara, ƙarama, tana tahowa wajenmu ba gaggawa, ta wuce kan mai tsaron gefenmu, ta faɗa cikin mutane can ƙasa da mu.

Ihun da na saba ji daga taga, ashe bakin zaninsa kawai nake ji. A cikinsa ba ka jin kanka. Benci na rawa, wani ya watsa mini ruwa a baya, wata Baturiya da ban sani ba ta rungume ni. Kowa na kiran wani abu. Na ga bayan ɗana a gabana, yana tsalle, hannuwansa a sama, ƙeyarsa sak ta mahaifinsa.

Na kira shi.

Na farko a hankali ya fito, kamar mai gwada ƙofar da ta daɗe a rufe. Na biyu kuwa da muryar aji na yi shi, wadda ke kaiwa bakin titi, na ja ƙarshensa yadda kakarsa take ja. Sunan ya yi mini baƙo a baki, kuma ya yi daidai, kamar takalmin da aka ajiye mini tun tuni.

Bai juyo ba. Ya ci gaba da tsallensa, ya tafa da na gabansa, ya tafa da mai ƙaton wuya. Surukata ce kawai ta dube ni, ta yi sauri ta mayar da idonta kan fili. Yarinyar da ba ta san ɓoye magana ba, ranar ta ɓoye.

Aka tashi, an ce mun ci. Muka hauro gida cikin taron, yana ta ba ni labarin bugun da na gani da idona. Na yi musu tuwo miyar kuka. Na ce wa kaina na dai faɗa, Allah ya ji, ba laifina ba ne in Amurka ta fi ni murya. Ban gamsu ba. Malamin da ya kira suna ba a amsa ba ya san bai gama aiki ba.

Da safe na raka su ƙasa. Motar ta cika har rufi, na cusa yajin da sauran ƙuli-ƙulin a inda na samu. Titi shiru irin na Lahadi, ba ihun da zan fake a ciki. Na yi musu addu'a, na ce su riƙa tsayawa suna sallah, kada su yi tuƙin dare. Surukata ta rungume ni. Shi ya durƙusa ya gaishe ni yadda aka koya masa, ya shiga, ya tayar da mota. Sai ya sauke gilashi.

"Umma."

"Mene ne kuma? Me ka manta?"

Ya ce, "Na'am."

Da Hausa ya faɗa, shi da ko gaisuwa sai ya sirka da Turanci. Idonsa na kan sitiyari.

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya ce, "Wata ce jiya a fili. Na ga akwai mutane, shi ya sa ban juya ba."

Na ce to ya kyauta, ya ja mota kada rana ta yi musu. Na tsaya har suka sha kwanar titin Grand Concourse, sannan na daɗe ina gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Daga kowane gari sai ya kira ni a waya, ya ɗaga ta sama in ji ihun filinsu. Na Pittsburgh da kogi a bayansa, na Chicago da ganye a jikin katanga, haka ya ce. A waya duk ihu ɗaya ne, kamar ana soya wani abu a ɗaki na kusa. Yanzu sun zauna a can, yana zuwa da babbar sallah in aiki ya bari, wani lokacin bai bari ba. In mun yi magana, "kai" nake ce masa har yau. Ban sake iyawa ba, shi ma bai nema ba.

Gidan ya yi mini yawa tun da ƙannensa suka yi aure. Da bazara nakan bar tagar kicin a buɗe ko da iska na kashe mini wuta. In ihun ya taso daga bayan gine-gine, nakan tsaya da ludayi a hannu. Na fara gane wadda ta fita waje da wadda aka cafe. In ta fita, ihun kan yi tsawon da zai ishi mutum ya kira suna guda, ya ɗan saurara.